Ranar da Gwaggo Ta Gyara Duwatsun Baba

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan labarin. Karatuna bai wuce firamare ba, sannan Gwaggo tana nan da ranta, kuma ko da ba ta karatu, tana da masu karanta mata. Amma na ji Yaya Kuza ya fara bai wa abokansa labarin ta yadda shi ne gwarzo, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka yi. Da baki dai ba zan iya ba. Ni ko sallama aka yi a ƙofa, sai in tsinci kaina a bayan labule.

Babanmu mai haƙar ma'adinai ne. Da ɗaukar kwanon ƙasa a bakin rami ya fara yana saurayi, ya koma saye da sayarwa, har ya kai ga mallakar nasa ramukan a ƙasashe daban-daban. Wanda yake son sanin tarihin kasuwancinsa ba sai ya je ofis ba, ya kira 'ya'yansa kawai su yi layi. Babban wanmu an haife shi lokacin da kuza ta yi wa Baba rana, shi ne ake ce masa Kuza. Mai bi masa ta zo a shekarar da ya tsallaka iyaka ya dace da zinariya, ita ce Zinariya, kuma har yau tana tafiya kamar ta san da haka. Akwai Kwal, wanda duk gidan babu mai haskensa. Ni kuwa an haife ni a shekarar da ruwa ya cika masa rami a wata ƙasa mai nisa, abokin cinikinsa ya gudu da injuna, aka yi ta haƙa ba a samu komai ba. Sunana Tsakuwa.

Yawon nan ne ma ya cinye mini karatu. Kowace ƙasa sabuwar makaranta, kowace makaranta sabon yare. Kafin in koyi yadda ake neman izinin fita, an ɗaure kaya. A ƙarshe na tara gaisuwa cikin harsuna da yawa, amma babu wanda nake iya yi wa.

Baba yana da ɗabi'a guda da duk masu harkar suka san shi da ita: ba ya yarda da dutse sai ya lasa. Ya ce busasshen dutse maƙaryaci ne, sai ya jiƙe yake nuna abin da ke cikinsa, kuma harshe ba a mantawa da shi a mota kamar gorar ruwa. Ya lashi dutse a gaban manyan jami'ai. Ya taɓa lasar dutsen zoben wata baƙuwa, Mama ta yi sati ba ta yi masa magana ba.

To, akwai wani tudu a wata ƙasa da Baba ya yi shekaru yana bi, yana cewa tagulla ce kwance a cikinsa. Duk abin da ya tara ya zuba a can. Lasisin haƙarsa zai ƙare a ƙarshen watan, kuma ba za a sabunta ba sai ya kawo babban kamfani da zai shiga aikin da shi. In bai kawo ba, tudun ya zama na wasu. Kamfanoni sun yi ta yi masa hanya-hanya, sai guda ɗaya da ya ce zai turo mutanensa su ga abin da aka ciro.

Abin da aka ciro ɗin, mu a gida rake muke ce masa. Inji ne yake huda ƙasa ya fito da dutsen dogo-dogo, zagayayye, kaurin rake, yana kakkaryewa gaɓa-gaɓa. Ana jera gaɓoɓin cikin dogayen akwatunan katako daidai yadda suka fito, na sama a farko, na ƙasa a ƙarshe, a riƙa saka 'yan guntayen katako a tsakani masu lambar zurfin. Jerin nan shi ne komai. Da shi ake sanin ko tagullar shimfiɗe take da kauri ko kuwa yayyafi ce nan da can.

Rufin sito na ofis yana yoyo, sai Baba ya sa aka jibge akwatunan a falonmu, aka tura kujeru bango. Ya tara mu ya ce ko ƙuda ya sauka a kai, a bar shi ya tashi don kansa. Ya gaya wa Mama, ya gaya wa direba, ya gaya wa mai gadi. Gwaggo ce kaɗai bai gaya wa ba, domin ba a ce wa Gwaggo kar.

Gwaggo yayar Baba ce, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta zo ganin likitan ido ne ta zauna, ido ya warke, zama bai warke ba. Mace ce da ba ta iya ganin abu a karkace. Cokula tana jera su daga babba zuwa ƙarami, takalman baƙi ma in suka daɗe a ciki sai su fito su tarar an yi musu sahu. Baba, wanda ma'aikata suke miƙewa in ya yi tari, Auta take ce masa, shi kuma ya amsa da “Na'am, Yaya.”

Ranar da baƙin za su zo, Baba ya fita da safe ɗauko su, Mama ta tafi kasuwa. Ina goge tebur Gwaggo ta shigo falo, ta ɗaga murfin akwati ɗaya, ta riƙe haɓa.

“Wannan ƙazantar za a nuna wa baƙi? Mutane su taso daga wata duniya a nuna musu dutse da ƙura, baƙi cikin fari, kore cikin toka, kamar kayan mahaukaci? Tsakuwa, ɗauko bokiti da soso.”

Na ce, “Gwaggo, ai Baba…”

“Ai Baba me? Ni na koya wa babanki wanke hannu. Da omo za ki zo.”

Iyakar jayayyata ke nan, kuma a wurina ta yi tsawo. Muka kwashe raken kaf muka wanke. Guntayen katakon ta ce a zuba a kwandon shara, itacen banza. Sannan ta zauna a kan kujera tana nuni da sandarta, ni ina jerawa. Masu toka-toka akwatinsu daban. Farare daban. Masu jan tsatsa daban. Koraye kuwa, waɗanda suka fi kyau, ta sa na haɗa su wuri guda, suka cika akwatuna na tsakiya reras, mai duhu a farko, yana yin haske har ƙarshe. Wata gajeruwar gaɓa mai rabi kore rabi fari ta rasa inda za ta shiga. Gwaggo ta juya ta, ta ce wannan munafuka ce, amma za ta yi daidai da ƙafar gadonta da ke rawa. Ni na ɗaga gadon, ta cusa.

Gaskiya falon ya yi kyau.

Yaya Kuza ne ya fara dawowa, da kwat da jakarsa, domin shi ne mai kula da harkar ofis. Da ya ga akwatunan sai jakar ta faɗi. Ya dafe kai, ya zagaya falon kamar kazar da aka yanka ba a gama ba.

“Wa ya yi wannan? Tsakuwa! Wa ya kashe mu?”

Na nuna ƙofar ɗakin Gwaggo da ido. Ya rage murya nan take. Ya durƙusa gaban akwatunan tsakiya yana kallo, yana kallo, sai na ga fuskarsa tana sakewa. Ya yi fito a hankali.

“Ke, kin san abin da nake gani? In da haka tudun nan yake, da ba a taɓa samun irinsa ba tun da aka fara haƙa rami. Ina katakon lambobin?”

“Suna shara.”

“Kwaso. Tsuntsu daga sama gasasshe!”

Ya goge su da hankicinsa, ya bi akwatunan yana sakawa bi da bi, ƙaramar lamba a farko, babba a ƙarshe, kamar a haka aka haife su. Yana saka na ƙarshe muka ji ƙarar mota.

Baƙin su biyu ne. Wani dattijo mai farin gashi da jan wuya, shi ne mai sa hannu. Da wata mata siririya mai tabarau, masaniyar duwatsu, da ƙaramin gilashin dubawa rataye a wuyanta. Baba ya shigo gabansu yana dariya, yana magana da yarensu, hannu a buɗe. Da idonsa ya sauka kan akwatunan, dariyar ta tsaya a fuskarsa, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ya ce wa baƙin su zauna, ya jawo Yaya Kuza zuwa lungun kicin, inda nake tsaye da tiren shayi.

“Wane ne?”

“Gwaggo ce, Baba.”

Baba ya rufe ido. Jijiyar goshinsa ta tashi.

“To,” ya ce. “Allah ya ƙara mata lafiya.”

“Baba, ka saurare ni. Ba mu muka yi ba. Ko rantsuwa aka ce mu yi, ba mu muka jera ba. Kai dai ka yi shiru. Su duba, su sa hannu, lasisi ya tsira. In an fara haƙa, kowa ya san ƙasa tana canza ra'ayi.”

Na ɗauka Baba zai mare shi. Mutumin da ya taɓa korar manajansa saboda ya barbaɗa garin zinariya a samfurin ƙasa, wanda kullum yake ce mana ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma ko hannu bai ɗaga ba. Ya gyara wuyan rigarsa ya koma falo, ni kuma na bi da tire.

Mai tabarau ta riga ta durƙusa gaban koraye. Ta ɗauki gaɓa ɗaya, ta kai baki ta lasa, ta ɗora gilashinta. Ashe ba Baba kaɗai ba ne, abin na sana'a ne. Ta ɗan yamutsa fuska, ina jin omo ta ji, amma ta miƙa wa dattijon tana magana da sauri. Shi ma ya lasa. Wuyansa ya ƙara ja. Ya bi layin koren da yatsa, akwati bayan akwati, ya tashi ya rungume Baba yana bubbuga bayansa, ya fara laluben alƙalami a aljihu. Baba yana tsaye kamar an dasa shi, gumi yana bin kunnensa. Aka miƙa masa dutse shi ma, ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin dutse ya daɗe a hannun Baba a bushe ba sai ranar.

Sai ga ƙarar sanda. Gwaggo ta fito cikin kayanta na fita unguwa, ta tsaya a tsakiyar falo. Ta dubi dattijon da ke lasar dutse, ta dubi matar, ta dubi Baba.

“Auta! Baƙi tun daga wata ƙasa ka bar su da yunwa har suna cin dutse? Tsakuwa, miƙa musu biskit, ke ma kin tsaya kamar gunki.”

“Yaya, aiki ne.”

“Na san aiki ne, ai ni na yi shi. Ka gaya musu wa ya gyara? Ka ce musu da a hargitse suke, ni na zauna tun safe na ware kowane da launinsa. Koren nan da suke ta yabo, tsinto shi na yi ɗaya-ɗaya daga kowane akwati. Gaya musu. Mutum ya yi wahala a ce ba a gani ba?”

Dattijon ya yi murmushi ya tambayi abin da tsohuwa take cewa. Yaya Kuza ya yi caraf ya amsa. Wannan kam na gane, domin gaisuwa ce, kuma gaisuwa ita ce ilimina: ya ce tana yi musu barka da zuwa.

“Kai, Kuza,” in ji Gwaggo, “duk maganar da na yi ita ce ka dunƙule a kalma biyu? Yarensu tsada gare shi? Auta, faɗa musu da bakinka.”

Alƙalami yana hannun dattijo, an cire murfi. Yaya Kuza yana yi wa Baba ido har kamar zai faɗo. Baba ya dubi yayarsa, ya dubi dutsen da ke hannunsa. Sannan ya kai shi baki ya lasa, a hankali, ya yi tsaki, ya ce da Hausa, “Har ɗanɗanonsa ya canza.”

Ya juya ga baƙin ya fara magana. Ya daɗe yana yi. Ya nuna Gwaggo, ya nuna bokitin da na manta a bayan kujera, ya tsugunna ya zare guntayen katakon ɗaya bayan ɗaya ya tara a gaban dattijon. Gwaggo tana gyaɗa kai tana cewa, “Yawwa. Ka faɗi omon ma.”

Dattijon ya mayar da murfin alƙalami. Ƙarar murfin nan har yau tana kunnena. Ya yi magana gajeruwa, mai sanyi, ya ɗauki hularsa. Yaya Kuza ya zube a kujera. Ita kuwa mai tabarau tana durƙushe ba ta tashi ba. Kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, har ta cire tabarau tana share hawaye. Da ta lafa, ta ɗauki gaɓa biyu ta haɗa bakinsu, ba su zauna ba. Ta sake wata, ta sake wata, sai ga biyu sun kama juna ɗaf, kamar fasasshen faranti. Ta ɗaga wa dattijon, suka yi 'yar muhawara. Ya dubi agogo, ya ajiye hular.

Baba ya fassara mana: jirginsu sai gobe da rana. Kowace karaya da abokiyarta. In aka mayar da jerin yadda yake, mai tabarau za ta rubuta abin da ta gani, mai yawa ne ko kaɗan.

Haka muka wuni a ƙasa. Mama ta dawo daga kasuwa ta tarar da mijinta, da ɗanta mai kwat, da baƙuwa, da direba, da mai gadi, duk suna rarrafe a kan kafet suna aurar da duwatsu. Ta ajiye kaya ba ta yi tambaya ba, ta ce, “Na san wata rana za a zo nan,” ta tsugunna ita ma. Dattijon ya yi ta cijewa, daga baya ya naɗe hannun riga. In an dace sai a yi ihu, kowa da yarensa.

Gwaggo ce kaɗai ba ta ji daɗi ba. Tana zaune tana kallon ana rushe mata aiki, kore yana komawa cikin toka.

“Auta, wato abin da na yi bai yi ba?”

“Ya yi, Yaya. Ya yi kyau ƙwarai. Kyan ne ya yi yawa.”

“To ku da hargitsinku. Wanda bai san gyara ba, ai sai a bar shi da ɓarnarsa.”

Kafin faɗuwar rana jerin ya dawo. Koren da ya cika akwatuna ya watse, ya zama ɗan nan, ɗan can, da wuri guda mai ɗan kauri a ƙasa. Sai dai jerin ya rabu biyu, na sama da na ƙasa sun ƙi haɗuwa, kuma daidai bakin mai kaurin ne. Mai tabarau ta ce akwai gaɓa ɗaya da ta ɓata, in babu ita ba za ta iya shaida cewa ramin ɗaya ne ba. Aka ɗaga kujeru, aka zazzage shara.

“In munafukar nan kuke nema,” in ji Gwaggo, “tana ƙarƙashin gadona, kuma nan za ta kwana. Kun rushe na falo, ba za ku rushe na ɗaki ba.”

Ta shige ta murza makulli. Baba ya je bakin ƙofa ya yi ta “Yaya, Yaya” da muryar da ban san yana da ita ba. Ta ce ta yi barci. Yaya Kuza ya kawo shawarar a kira kafinta a cire ƙofar, Baba ya yi masa kallon da ya kamata ya yi masa tun a kicin. Baƙin suka tafi masauki a kan cewa in dutsen ya iso kafin su tashi, to. Dattijon bai rungumi kowa ba wannan karon, amma a bakin mota ya riƙe hannun Baba ya ɗan daɗe bai saki ba.

Tudun yana nan, ana haƙa. Kason Baba bai kai rabin abin da ya yi mafarki ba, kuma ya ce ko a haka ya gode. Amma wannan daga baya ne.

Washegari da safe na haɗa wa Gwaggo shayinta, domin ni kaɗai take buɗe wa ƙofa. Na shiga da tire a hannu da rabin bulo a ƙarƙashin mayafi. Na jira ta shiga wanka, na sa kafaɗa na ɗaga gadon, na zare dutsen na tura bulon, na girgiza na ji bai motsa ba. Baba yana cikin mota tun ɗazu yana jirana, inji a kunne. A soro na tsaya, na duba hagu da dama, babu kowa. Na kai dutsen baki na lasa. Ƙura ce da omo, sai wani ɗan ɗaci daga baya, amma inda harshena ya bi, koren ya fito sosai. Na goge shi da gefen mayafi na kai masa.